Tumatirin gwangwani ya yi funfuna: a kankare ko a zubar?

Tambayar ta zo daga wata amarya a Daura. Ta ce cikin kayan gararta akwai katan guda na manyan gwangwanayen tumatir, irin masu giram 850, su kuwa su biyu ne kacal a gidan, ita da angonta. Ta buɗe ɗaya ranar Asabar, ta ɗebi cokali 4, ta danna marfin ta ajiye a kan kanta. Ranar Laraba sai ta tarar da wani farin abu kamar auduga a samansa, da ɗigo-ɗigon baƙi a gefe. Uwar mijinta ta ce ta kankare saman, ta zuba man gyaɗa ya rufe sauran, ba abin da zai yi. Tana da firij, amma wuta ba ta zama. Tana so ta san ko a ci ko a zubar, da kuma yadda za ta yi da sauran gwangwanayen.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo ƙazantar ɗaki.

Wannan gwangwanin da ya yi funfuna, ko hunhuna yadda bakinmu na nan ya saba, zubar da shi za ki yi gaba ɗaya. Na san da ciwo, domin cokali 4 kawai kika ci a cikin abin da ya kai ƙananan ledoji 12, ga kuma tsadar kayan miya. Na yi aikin duba-gari a Katsina shekaru masu yawa kafin in koma koyar da ilimin abinci, na shiga ɗakunan girkin makarantun kwana da rumfunan masu sayar da abinci, kuma ba tambayar da aka fi yi mini a kan kayan gwangwani kamar wannan. Kusan kowa amsar da yake so ya ji ita ce a kankare. Ni kuwa ban taɓa ba da ita ba, kuma zan gaya miki dalili dalla-dalla, don ki iya yanke wa kanki hukunci gobe ko ba ni.

Abin da idonki ya gani a sama ba shi ne funfunar duka ba. Kanta ne kawai, inda take zubar da iri. Jikinta wani siririn zare ne da ido ba ya kamawa, yana kutsawa cikin abinci kamar yadda saiwar aya-aya ke bin ƙarƙashin ƙasa: manomi ya sare ganyen yau, jibi ta ɓullo kamu guda daga inda ya sare. A abu mai tauri, irin karas ko kabeji, zaren ba ya nisa, shi ya sa ake iya yanke wurin da faɗi a ci sauran. Tumatirin gwangwani kuwa laushi gare shi da danshi, ba abin da zai tare zaren. Kafin ki ga farin nan a sama, ta riga ta kwana biyu tana aiki a ciki.

Wasu daga cikin ire-iren funfuna suna fitar da dafi a cikin abin da suke ci, kuma wannan dafin ba ya mutuwa da tafasa. Nan ne mutane suke ruɗuwa. Sun san wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, sai su ɗauka tana kashe komai. Wuta tana kashe funfunar kanta, amma dafin da ta riga ta zuba sinadari ne, ba mai rai ba ne, suya da tafasar miya ba sa rusa shi. Wataƙila kin taɓa jin maganar gyaɗa da masara da suka sha danshi a rumbu, da dafin nan afilatoksin mai lahanta hanta. Tumatir shi ma yana da nasa abokan gāba, musamman wata baƙar funfuna da ake kira altanariya. Ba kowace funfuna ce mai dafi ba, wannan gaskiya ne. Sai dai ba wanda zai dubi gwangwani ya ce miki wannan mai dafi ce, waccan ba ta da shi. Ko ni sai an kai ɗakin gwaji.

Za a ce miki, ai mun sha kankarewa muna ci, ga mu nan da ranmu. Ba ƙarya suka yi ba. Irin wannan dafin ba kasafai yake kayar da mutum a ranar ba. Wani lokaci ɗan murɗar ciki ne da ba a danganta shi da miyar jiya, wani lokaci ba a jin komai, ɓarnar tana taruwa ne a hankali idan abin ya zama ɗabi'ar gida. Ke yanzu kike kafa gidanki, ɗabi'ar da kika ɗora shi a kai ita 'ya'yanki za su tashi su tarar.

Akwai dalili na biyu, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai. Abin da ke tsare tumatir daga ƙwayoyin cuta masu haɗari shi ne tsaminsa. Masana suna da ma'aunin tsami da suke rubutawa pH. Ruwan sha yana kan 7, duk abin da lambarsa ta yi ƙasa kuma ya fi tsami. Tumatirin gwangwani yawanci yana tsakanin 4 da 4.5. Akwai wata ƙwayar cuta, botulinam, wadda dafinta yana cikin mafi ƙarfi da aka sani a duniya, yana shanye jijiyoyi har numfashi ya gagara. Irinta yana nan cikin ƙasa da ƙura ko'ina. Ba ta iya tsira ta yi dafi a inda tsami ya kai ƙasa da 4.6, kuma ba ta son iska. Kin ga ke nan tsakanin tumatir da wannan iyaka tazarar kaɗan ce ƙwarai. To funfuna tana cin tsamin ne. Inda ta zauna lambar wurin tana iya hawa, ta tsallake 4.6, ta buɗe wa botulinam ƙofar da a da take rufe. Cutar ba ta da yawa, ba na so in tsorata ki fiye da kima, amma idan ta zo tana kisa.

Yanzu ki dubi shawarar Hajiya, uwar mijinki, da wannan idon. An ɗauki tumatirin da funfuna ta riga ta rage wa tsami, an kankare sama, an zuba mai ya toshe iska, an ajiye a ɗaki mai ɗumi. Rashin tsami, rashin iska, ɗumi: abubuwa ukun da ƙwayar nan take nema an haɗa mata su a gwangwani ɗaya.

Amma kada ki raina maganarta, domin rabinta ilimi ne na gaske. Funfuna sai da iska take rayuwa, mai kuma yana hana iska taɓa saman tumatirin. Saboda haka zuba mai yana aiki, idan an yi shi a ranar da aka buɗe, a kan tumatir mai lafiya, a mazubi mai tsabta, sannan aka saka a sanyi. Kariya ce kafin ɓarna, ba ya gyara abin da ya riga ya lalace, kuma ba ya maye gurbin firij. Ki kuma tuna zamanin da su Hajiya suka koyi girki, ɗan ƙaramin gwangwanin nan mai giram 70 aka fi sani, a buɗe a juye a tukunya ɗaya a gama. Sauran lokaci kauɗa ce da ɗanyen tumatir. Ajiye buɗaɗɗen babban gwangwani a gidan mutum biyu matsala ce ta zamaninku.

Bari in koma baya kaɗan, ki ga abin da gwangwani yake yi. Tun 1810, lokacin da wani Bafaranshe, Nicolas Appert, ya wallafa hanyarsa ta dafa abinci a rufaffen mazubi, dabarar ba ta canja ba: a kashe abin da ke ciki da zafi, a toshe kada sabo ya shiga. Shi ke nan sirrin. Ba wani maganin da ke cikin tumatirin yake hana shi lalacewa ba, rufin ne. Daƙiƙar da wuƙarki ta huda marfin, wannan tsaro ya ƙare, ya zama dafaffen abinci kamar kowane, kamar miyar da kika sauke. Kwanan watan da aka buga a gindin gwangwanin na wanda ba a buɗe ba ne. Na sha ganin mace ta nuna mini kwanan wata tana cewa ai da saura shekara guda, alhali gwangwanin ya yi mako a buɗe.

Shi kansa gwangwanin ba wurin ajiya ba ne bayan an buɗe. Ƙarfe ne aka shafa masa kuza siririya, irin wadda aka yi ta haƙa a Jos, wasu kuma a ƙara musu wani shafi a ciki. Muddin yana rufe ba iska, tsamin tumatir ba ya cin kuzar sosai. Da iska ta shiga sai cin ya yi sauri, musamman a bakin da aka yanka da inda cokali ya karce. Shi ne ɗanɗanon ƙarfen da kike ji, da baƙin da ke fitowa a gefe. Kuza idan ta yi yawa a abinci tana sa tashin zuciya da amai da ciwon ciki, shi ya sa hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya, Codex, ta sa mata iyakar miligiram 250 a kowane kilo na abincin gwangwani. Kwana ɗaya a firij cikin gwangwaninsa ba zai kai ki asibiti ba. Amma marfin da aka yanka ba ya rufuwa, ƙura da ƙuda da kyankyaso duk suna da hanya, don haka ki juye tun a ranar.

Ga wani abu da littattafan ƙasashen waje ba za su gaya miki ba, domin ba su san girkinmu ba: kanwa. Mu nan idan tumatir ya yi tsami, 'yar kanwa muke jefawa, wasu kuma bakin foda, don a kashe tsamin. A tukunyar da za a ci yau ba laifi. Amma kada ki kuskura ki sa kanwa a wanda za ki ajiye. Tsamin da kike kashewa shi ne mai gadinsa. Haka nan idan kin haɗa shi da markaɗen tattasai da attaruhu da albasa da tafarnuwa, ya tashi daga tumatir ya koma kayan miya. Waɗannan duk ba su da tsamin kirki, suna tsarma na tumatirin, haɗin ya fi saurin lalacewa nesa ba kusa ba. Wanda za a ajiye a bar shi zallansa.

To, yadda za ki yi ranar da za ki buɗe na gaba. Ki fara wanke saman gwangwanin da sabulu, domin ya sha ƙurar shago da sito, ɓera ma ya bi ta kai. Abin da za ki buɗe da shi, mabuɗi ne ko wuƙa, shi ma wankakke, ba wuƙar da kika gama yanka nama ba. Ki tanadi kwalba mai marfi, irin kwalbar Bama da ta ƙare ta isa. Ki wanke ta, ki saka ta a tukunya da ruwan sanyi, ki ɗora a wuta su tafasa tare kamar minti 10, don kada ta fashe, sannan ki kife ta ta bushe da kanta. Kada ki goge cikinta da tsumman kicin. Ƙaramar kwalba da za ta cika ta fi babba da za a bar rabinta iska. Ki zuba, ki danna da bayan cokali ya kwanta ba rami, ki share abin da ya shafi gefen kwalbar, domin daga nan funfuna take farawa. Sai ki zuba man gyaɗa ya rufe fuskar, ki ɗaure marfi, ki rubuta ranar a jiki. Wurinta can cikin firij, ba a jikin ƙofa ba, saboda ƙofa ce ta fi shan ɗumi duk buɗewa.

A firij mai sanyi na gaske, digiri 5 ko ƙasa, kina da kwana 5 zuwa 7. Duk ɗiba da busasshen cokali mai tsabta. Cokalin da ya shiga miya, ko ya taɓa baki, ko yake da jiƙa, ba ya komawa kwalbar. Idan kin ɗiba ki sake daidaita saman, man ya koma ya rufe. Wani lokaci za ki ga saman ya yi duhu ya ɗan bushe, ba gashi-gashi, ba wari. Wannan iska ce ta taɓa shi kamar yadda yankakken dankali ke canja launi, kina iya ɗauke shi ki yi amfani da na ƙasa. Wanda ya yi gashi, fari ne ko kore ko baƙi, ko yake kumfa, ko yake warin tsami irin na abin da ya ruɓe, ko marfin ya yi fus da kika buɗe, ya tafi.

Sai dai ku biyu ba za ku cinye giram 850 a mako ɗaya ba. Don haka a kwalba ki sa na kwana 3 ko 4 kawai, sauran ki daskarar. Cokalin cin abinci ɗaya na tumatirin nan ya kai kamar giram 16, ƙaramar leda ɗaya ke nan cokali 4 da ɗan ɗori. Ki samo fararen ledojin ƙulli, ki zuba wa kowace daidai miya ɗaya, ki matse iskar, ki ƙulle, ki ɗan shimfiɗa ta ta yi faɗi don ta yi saurin kamawa. Ki tara ƙulle-ƙullen a roba ɗaya mai marfi, ki tura ƙasan firiza. Daskararre yana kai wata 3 ɗanɗanonsa bai gushe ba. Ranar girki ki zaro ƙulli ɗaya ki yaga ki jefa a tukunya, ba sai ya narke ba. Amfanin ƙulli shi ne ba ki taɓa na gobe ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a daskarar da shi dunƙule ɗaya, kullum a fito da shi ya narke a ɗiba a mayar.

Na san abin da ke ranki: ina wutar take? Firij da aka ɗauke wa wuta, idan ba a buɗe shi ba, yana riƙe sanyinsa kamar awa 4. Firiza cikakkiya tana kai awa 48, mai rabin kaya awa 24. Kin ga ke nan firiza ce abokiyar mai ƙarancin wuta, kuma cikarta ita ce ƙarfinta. Duk gurbin da ba kaya ki cike shi da robobin ruwa su zama ƙanƙara, ki binne tumatirin a tsakiyarsu, ki hana yawan buɗewa. Ga wata dabara da nake koya wa ɗalibaina. Ki daskarar da ruwa a ƙaramin kofi, ki ɗora ƙwandala ko wankakken ɗan dutse a kai, ki bar shi a firizar. Idan kin dawo daga unguwa ko daga kwana biyu a gida kin tarar da dutsen a gindin kofi, kin san komai ya narke ya sake kamawa a bayan idonki. Ƙullin da ya yi laushi amma da sauran ƙanƙara a jikinsa ana iya mayar da shi. Wanda ya narke sarai ya yini da ɗumi, a dafa shi a ranar idan ba alamar lalacewa, kada a sake daskarar da shi.

Ki yi wa firij ɗinki adalci wajen hukunci. Idan awannin da yake kashe sun fi waɗanda yake kunne, kuma ruwan da kika sa ba ya yin sanyin da zai kama haƙori, to kabad ne, kwana 7 ɗin nan ba da shi ake ba. A irin wannan hali ki duba maƙwabta. Yanzu da wuya unguwa ta rasa gidan da ke da firizar sola, masu sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya. 'Yar robar da ba ta fi tafin hannu biyu ba, idan akwai zaman lafiya, ba mai hana ki gurbinta.

Idan kuwa ba sanyi ko kaɗan, gaskiyar ita ce ba wata dabara da za ta riƙe miki buɗaɗɗen tumatir mako guda a ɗaki. Ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 da 60, mu kuwa a Daura da Katsina watannin Maris zuwa Mayu zafin rana yana kai 40 har ya wuce, kicin mai rufin kwano kuma ya fi waje zafi. Da damina zafin ya sauka amma danshi ya hau, lokacin funfuna ke nan. Hunturu ne kawai yake ɗan ɗaga ƙafa, shi ma ba sanyin firij ba ne. Abin da nake ba da shawara shi ne a cinye a ranar. In ya zama dole ya kwana, ki soya shi zallansa a wadataccen mai, a wuta marar ƙarfi, har ruwansa ya ƙone man ya taso, ki juye da zafinsa a tafasasshiyar kwalba ki rufe. Washegari ki sake dafa shi sosai a miya. Kwana 1, in an matsa 2 da sanyin hunturu, iyakarsa ke nan a wurina. Ɗumame safe da yamma yana kashe abin da ya shiga, amma ba ya mayar da abinci sabo, kuma ba a yin sa har abada.

Ragowar leda ma haka take. Rabin ledar da ake naɗewa a soke a jikin taga ko a bari a kwandon albasa, wannan ba ajiya ba ce. Ki matse iskar, ki naɗe bakin, ki ɗaure da robali, ki sa a sanyi, in babu ki ƙarasa ta a girkin dare. Wasu ledojin ma ba tumatir zalla ba ne, haɗi ne da sitaci da sukari da kayan ɗanɗano, an rubuta a bayansu. Irin waɗannan ban yarda su kwana a buɗe a waje ba sam.

Za a iya kawo miki maganar tukunya cikin tukunya, wato ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi a rufe da jiƙaƙƙen buhu. Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya yi aikin koyarwa a Jigawa, shi ya yaɗa ta a ƙauyukan Arewa, har ya samu lambar yabo ta kamfanin agogon Rolex a 2000 saboda ita. Ina ganin girman wannan aiki ƙwarai, kuma ina so kowane gida marar wuta ya mallake ta. Ɗanyen tumatir da tattasai da alayyafo suna daɗewa a cikinta da rani. Amma sanyinta irin na randa ne, ba ya sauka zuwa digiri 5, da damina kuma ƙarfinta yana raguwa saboda iska ta riga ta jiƙe. Ga danshin cikinta, wanda funfuna ke so. Ta ɗanyen kaya ce. Tumatirin da aka buɗe, ko an sa shi a ciki, lissafinsa na marar firij ne.

Saboda haka ni a wurinki, wannan katan ɗin ba zan riƙa buɗe shi don miyar mutum biyu ba sai ranar da na tabbata da firiza. Babban gwangwani na babbar tukunya ne. Ki ajiye wasu don azumi, lokacin da ake girki da yawa ana kai wa masallaci da maƙwabta, da Sallah, da ranar da dangi za su zo ganin ɗaki. Ranar da kika buɗe ɗaya, ki raba shi uku tun da lafiyarsa: naki, na gidan Hajiya, na maƙwabciya. Gobe ita ma ta buɗe nata za ta tuna da ke. Kina kuma iya sa maigidan ya yi magana da mai shagon unguwa, ya karɓi manya biyu ko uku ya ba ku ƙananan ledoji a madadinsu, domin shi yana da masu sayar da abinci da ke neman manyan. Ko da an ɗan yi ragi a musayar, ya fi a zubar da kashi uku cikin huɗu. Babban gwangwani araha ne ga wanda zai cinye shi kawai.

Na taɓa shiga rumfar wata mai tuwo da shinkafa, na tarar da gwangwani mai kilo 2.2 a gefen murhu, cokali tsaye a ciki, ta ce kwanansa 5. Mace ce mai tsabta, tukwanenta ƙal, ba ta san akwai laifi a nan ba. Da muka zauna muka yi lissafi, sai ta ga mai giram 400 a kowace rana shi ne daidai cinikinta. Abin da take kankarewa tana zubarwa kullum da safe ya riga ya cinye rangwamen da take samu a babban.

Waɗanda ba ki buɗe ba, ki ɗaga su daga ƙasa, ki nisanta su da murhu da inda rana ke bugawa da inda ruwa ke zuba. Kayan gwangwani masu tsami irin tumatir sun fi kyau a ci su cikin wata 12 zuwa 18, zafi kuma yana rage wannan. Ki duba kwanan wata da lambar NAFDAC, ki fara da wanda ya fi kusa ƙarewa. Gwangwanin da ya kumbura sama ko ƙasa, ko yake yoyo, ko ya lotsa a kan ɗinkin baki, ko tsatsa ta ci shi har ba ta gogewa, ko ya yi tsartuwa da aka huda shi, ba a ɗanɗana shi don a gwada. Dafin botulinam ba lallai ya canja wari ko ɗanɗano ba, kuma ɗan lasa kaɗan ya isa. Leda da ta kumbura kamar an hura ita ma haka.

Idan har an riga an ci wani abu da ake shakka, a sa ido. Amai da gudawa, a fara ba da ruwan gishiri da sukari, na leda ko na haɗin gida: lita 1 ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yaro ƙarami, mai juna biyu da tsoho, a kai su asibiti da wuri, su ne abin ya fi kayarwa. Amma idan mutum ya fara gani biyu-biyu, fatar ido tana faɗuwa, baki ya bushe, magana tana lauyewa, haɗiya tana wuya, galibi awa 12 zuwa 36 bayan cin abincin, wannan ba na jira ba ne kuma ba na jiƙo ba ne. A tafi babban asibiti a take, a gaya wa likita abin da aka ci, a nemo duk wanda ya ci tare da shi.

Game da Hajiya, ba sai kin ce mata ta yi kuskure ba. Ki ce kin karɓi shawarar man, za ki riƙa zubawa tun ranar buɗewa, wannan ɗin dai ya riga ya wuce gyara. Ranar da kika buɗe sabo ki aika mata da nata kason a kwalba mai tsabta, da mansa a sama.

Wannan na kan kantar kuma kada ki kai hanci kina shinshinawa, irin funfunar yana tashi kamar ƙura ya shiga ƙirji. Kada ki zuba wa kaji ko awaki, dafin su ma yana taɓa su. Ki saka gwangwanin da abin da ke ciki a leda ki ƙulle tam, ki jefa inda yara ba za su tsinto shi su yi mota da shi ba, ga kaifin bakin ga abin da ke ciki. Sannan ki wanke wurin da ya zauna da ruwan zafi da sabulu, ki bar shi ya bushe kafin ki mayar da sauran kayan.